Yahudu da Nasara: Ina Suka Haɗu, Ina Suka Rabu?

'Yan'uwana ɗalibai, kullum muna cewa "Yahudu da Nasara", amma ranar da ƙanena ya tambaye ni me ya haɗa su, wallahi tsuru-tsuru na yi. Sai na koma wurin malam.

Annabi Isa (AS) cikin Bani Isra'ila aka haife shi, almajiransa na farko ma Yahudawa ne. Shi ya sa Kiristoci suka riƙe littafin Yahudawa a farkon nasu, suna ce masa Tsohon Alkawari. A ciki akwai littattafai 5 da suke jinginawa ga Annabi Musa (AS), da Zabura mai babi 150.

To, ina suka rabu? A kan Almasihu. Kiristoci sun ce Isa ne, Yahudawa suka ce bai zo ba tukuna. Ranar ibada ma, Yahudawa Asabar, akasarin Kiristoci Lahadi.

Mu Musulmi mun yarda Isa Almasihu ne, manzon Allah, ba ɗansa ba. Alƙur'ani kuma ya kira su duka Ahlul Kitabi. Mu nemi sani kafin mu buɗe baki, kada mu ɗora wa maƙwabci abin da bai faɗa ba. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani.