Amsoshin Tambayoyinku: An Rage Mini Tumbi, Amma Sikeli Ya Tsaya

Tambaya: Wata biyar ke nan da aka yi mini aikin rage tumbi a Masar saboda ƙiba da ciwon suga. Kafin aikin nauyina kilo 120 ne, yanzu 98, amma mako uku ke nan sikeli bai motsa ba. Tuwo da nama tsaya mini suke yi a ƙirji, don haka na koma kunu da fura da shayi. Gashina kuma sai zuba yake. Shin aikin ne ya lalace? Kuma zan iya azumin bana? Daga wata 'yar'uwa a Kaduna da ta nemi a sakaya sunanta.

Amsa: Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ki kwantar da hankalinki, babu abin da ke cikin wasiƙarki da ke nuna aikin ya lalace. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kunu da furar nan, kuma a kansu zan fi daɗewa.

Likitan da ya yi miki aiki ya shiga ne ta 'yan ƙananan huda a fatar ciki, ya yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin ya fitar, ya ɗinke ragowar ta zama siririn bututu. Tumbin babban mutum yana ɗaukar lita guda har da ɗoriya, naki kuwa a farkon aiki bai wuce mililita 100 zuwa 150 ba, wajen rabin kofin shayi. A ɓangaren da aka cire ne jiki ke samar da mafi yawan sinadarin girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, mai aika wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa. Shi ya sa a watannin farko mutum kan wuni bai tuna da abinci ba. Wannan sauƙi na ɗan lokaci ne. Bayan shekara ɗaya ko biyu sha'awar abinci takan fara dawowa, bututun ma ya ɗan saki, don haka tsarin cin abincin da kika saba da shi yanzu shi ne zai riƙe ki a lokacin.

Yawancin waɗanda aka yi wa wannan aiki sukan sauke kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinsu a tsakanin wata 12 zuwa 18. A wurinki wannan kilo 30 zuwa 36 ke nan, ga shi kin riga kin sauke 22 a wata biyar. Ramar takan yi sauri a farko, sannan ta ja baya, ta tsaya na 'yan makonni, ta sake ci gaba, domin jikin da ya rage nauyi yana rage abin da yake ƙonawa. Ki riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin ki ci komai, ki kuma auna ƙugunki da tef ɗin tela. Sau da yawa zani kan shaida canjin kafin sikeli ya nuna.

To, mu koma kan kunu. Ki ɗauki bututun nan tamkar mazurari: abu mai ƙarfi yana zama a ciki ya daɗe, mai ruwa kuwa wucewa yake yi nan take. Idan kika ci ƙwai dafaffe ɗaya da ɗan kifi, za ki ji kin ƙoshi na tsawon sa'o'i. Idan kika dama fura da sukari, ko kika haɗa shayi mai kauri da madara, za ki iya shan kofi yanzu, ki ƙara wani bayan rabin awa, tumbin bai ce miki komai ba. Cokalin shayi ɗaya na sukari yana ba jiki kalori 16, cokalin cin abinci na man gyaɗa ko manja kuwa kusan 120, kuma babu wanda ya tsaya a mazurarin. Haka cincin da biskit da alawa, suna narkewa tun a baki. Da yawa daga cikin waɗanda ƙiba ke dawo musu bayan shekaru ta nan take shigowa, ta shaye-shayen zaƙi da ɗan ciye-ciyen da ba ya yankewa daga safe har dare. Ga mai ciwon suga kuma abin ya zama biyu. Makonni biyu na farko bayan aiki ne lokacin ruwa-ruwa, sai markaɗaɗɗen abinci, sai mai laushi, zuwa mako na shida ko na takwas a koma abinci sosai. Ke kin wuce wannan mataki da daɗewa.

Tsayawar abinci a ƙirji yawanci daga yadda ake ci ne. Ki sami ƙaramin faranti da cokalin shayi, ki zauna ke kaɗai idan hira za ta ɗauke miki hankali. Ki fara da abin da ke gina jiki, wato furotin: kifi, ƙwai, alale, awara, wake da ya dahu luguf, kindirmo marar sukari, ko naman kaza da aka dafa da romo har ya yi laushi. Loma kada ta wuce girman gyaɗa biyu, ki tauna har ta zama kamar kunu a bakinki, ki ajiye cokalin kafin ki ɗauki wata. Ki ba cin abincin minti 20 zuwa 30. Da zarar kin ji nauyi a ƙahon zuci, ko shaƙuwa, ko hanci ya fara yoyo, to ki tsame hannu, loma ɗaya a kai ita ke jawo amai. Bayan furotin sai ganye, zogale ko alayyafo ko kuɓewa. Tuwo da shinkafa da burodi su ne na ƙarshe, cokali biyu ko uku, don kumbura suke yi su cike wurin. Tsire da kilishi ki jinkirta su, busasshen nama yana wahalar wucewa. Ana so ki sami furotin giram 60 zuwa 80 a rana, ƙwai ɗaya kuma giram 6 ne kawai, kin ga kunu ba zai kai ki ba.

Ruwa ki riƙa kurɓa a hankali har ki haɗa aƙalla lita ɗaya da rabi a yini, musamman a zafin bazara, amma ki raba shi da abinci da minti 30. Lemon kwalba mai gas ki haƙura da shi. A gidan biki idan aka matsa miki da cewa kin rame, ki ci, ki ce likita ne ya ƙayyade miki, wannan amsar ta isa.

Zubar gashi takan fara tsakanin wata na uku da na shida saboda girgizar da jiki ya sha, kuma gashin yana sake tsirowa. Ƙarancin furotin da sinadarin ƙarfe na ƙara ta. Nan ne nake jin tsoro game da masu zuwa Masar ko Indiya ko Turkiyya a yi musu aiki, su dawo babu likitan da ke bibiyarsu. Magungunan bitamin na har abada ne, da B12, da sinadarin ƙarfe, da kalsiyam da bitamin D, domin ƙaramin tumbi ba ya iya tatso su daga abinci yadda ya kamata. Ki kai takardun aikinki asibitin koyarwa ko wurin ƙwararren likita a nan gida, a gwada jininki yanzu, a sake a ƙarshen shekara, sannan kowace shekara. A duba maganin sugarki, wataƙila ya yi miki yawa yanzu. Ki guji ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita, suna iya jawo gyambon ciki. Idan kina shekarun haihuwa, a jinkirta ɗaukar ciki har wata 12 zuwa 18 bayan aikin.

Idan kuma kin bi tsarin nan amma abinci bai daina tsayawa ba, ko ƙwannafi ya yi tsanani, a leƙa ciki da kyamara, bututun kan ƙuntata wa wasu. Aman da ya ƙi tsayawa na kwanaki, tare da jiri ko rikicewar gani ko mutuwar ƙafafu, alamar ƙarancin bitamin B1 ce, yana taɓa ƙwaƙwalwa, a tafi asibiti a ranar. Ciwo mai tsanani ƙarƙashin haƙarƙarin dama kuwa yana iya zama tsakuwa a matsarmama, wadda saurin rama ke haddasawa.

Batun azumi, likitocin wannan fanni sukan ba da shawarar a dakata har wata 6 zuwa 12 bayan aikin. Mai irin tumbinki ba za ta iya haɗa ruwa da furotin na yini guda tsakanin buɗa-baki da sahur ba, ga kuma suga da ke iya faɗuwa da rana. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya. Ki fara jin ta bakin likitanki, sannan ki kai wa malaminku abin da likitan ya ce, ya faɗa miki hukuncin ramuwar.