Sa'ad Da Mai Bi Ya Gaji Da Rayuwa

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-21

A gidajen masu bi da yawa, idan wani ya buɗe baki ya ce ya gaji da duniya, amsar da yakan samu ba ta wuce biyu. Ko dai a tsauta masa cewa bangaskiyarsa ta yi sanyi, ko kuwa a ce ya yi haƙuri, a juya magana. Kowace daga ciki takan sa ya yi shiru, ciwon kuwa yana nan yana cinsa.

Annabi Iliya ya taɓa kaiwa wannan hali. A Dutsen Karmel ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, wuta ta sauko, jama'a suka faɗi rubda ciki. Amma da saƙon Yezebel ya iso masa cewa za ta kashe shi, sai ya gudu zuwa Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi mutuwa. Abin lura shi ne yadda Ubangiji ya bi da shi. Mala'ika ya tashe shi ya ci abinci, ya sha ruwa, aka bar shi ya koma barci, aka sake ciyar da shi. Sai a Horeb, bayan tafiyar kwana 40, aka tambaye shi abin da ya kawo shi. Sau biyu ya zuba kukansa, ba a katse shi ba. Daga nan aka ba shi aiki: ya shafe Hazayel, da Yehu, da Elisha. Aka kuma sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba.

Wani likitan ƙwaƙwalwa Bayahude, Viktor Frankl, wanda aka haifa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1905, ya ga irin wannan a wuri mafi muni. A 1942 'yan Nazi suka kama shi da iyalinsa. Mahaifinsa ya rasu a sansanin Theresienstadt, aka kashe mahaifiyarsa a Auschwitz, matarsa kuma ta rasu a Bergen-Belsen. Shi kansa an ƙwace masa rubutun littafin da ya ɓoye cikin rigarsa. Da aka 'yantar da shi a 1945, ya rubuta abin da idonsa ya gani, aka buga a 1946.

A ciki ya ba da labarin fursunoni biyu da suka yi niyyar kashe kansu, domin a ganinsu ba sauran abin da za su samu a rayuwa. Frankl bai yi musu gardama a kan wahalarsu ba, gama wahalar gaskiya ce. Tambayar ya juya musu: maimakon abin da suke jira daga rayuwa, mene ne yake jiransu? Ɗaya yana da ɗa a wata ƙasa. Ɗayan masani ne, ya fara jerin littattafai bai gama ba, ba kuwa mai iya gama masa. Ra'ayin Frankl shi ne, mutum yakan iya ɗaukar nauyi mai tsanani muddin ya san akwai wani mutum ko wani aiki da ba mai maye gurbinsa a kai.

Kada a ɗauki wannan fiye da inda ya tsaya. Frankl bai ce duk mai dalilin rayuwa ya tsira ba. Ya shaida cewa mutanen kirki da yawa ba su dawo ba. Bai kuma yabi wahala ba. Ya ce wadda za a iya kawarwa, a kawar da ita. Matar da ake duka a gida, ba wa'azin jimiri take bukata ba, ceto take bukata.

Haka nan tsarin da aka bi da Iliya yana da muhimmanci ga iyali. Jiki ne farko, sa'an nan kunne, aiki daga baya. Uban da aka sallama daga aiki, ko gwauruwar da ta daina fita, a fara duba ko suna ci, suna barci. Idan baƙin cikin ya kai mako biyu ba sauƙi, ko mutum ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Sa'ad da ya ɗan farfaɗo, a nemi taimakonsa a kan abin da ake bukata da gaske, kamar karatun jika ko lissafin gona, ba abin da aka ƙirƙiro don a lallashe shi ba.

Iliya ya sauka daga dutsen, ya tarar da Elisha ɗan Shafat yana huɗa da shanu, ya yafa masa alkyabbarsa. Elisha ya yanka shanun, ya ciyar da mutane, ya tashi ya bi shi.