Darasin Turanci Don 'Yan Kara: Kalmar "If" Da Sharaɗi A Ciniki

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata 'yar kalma ce mai harafi biyu, wadda ta taɓa riƙe mini kuɗin bijimai uku har mako shida.

Ga yadda aka yi. A karar Tulaku ta Ashaiman, wani mahauci da ba ya jin Hausa ya ɗauki shanu a hannuna, ya ce: "If I sell the meat, I will pay you on Friday." Ni kuwa "I will pay you" kaɗai kunnena ya kama, na sallama. Da Juma'a ta zo, sai ya ce ai nama bai ƙare ba, kuma shi da sharaɗi ya yi magana. Shaidu suka ce gaskiyarsa.

To, wanda ya yi nahawu a Islamiyya ya san fi'ilin sharaɗi da jawabinsa. Turanci ma haka yake. In ana maganar abin da mai yiwuwa ne ya faru nan gaba, jimla gida biyu take. Malaman Turanci na kiran wannan gini first conditional.

Gida na farko shi ne sharaɗi: "if", sannan aiki a sigarsa ta yanzu. Gida na biyu shi ne jawabi: "will", sannan aiki tsurarsa. Misali:

If you pay today, I will reduce the price. Wato in ka biya yau, zan rage maka.

If the truck comes, we will load tonight. In mota ta zo, za mu yi lodi da dare.

If you don't bring the balance, I won't release the cows. In ba ka kawo ciko ba, ba zan saki shanu ba.

A kula da abu uku. Na ɗaya, kada a sa "will" a gidan sharaɗi. "If you will pay" ba shi ne ginin ba. Na biyu, mu da Hausa mukan ce "in ka biya", kamar an riga an yi, sai harshe ya ja mu zuwa "if you paid". Wannan wani gini ne dabam, na abin da ba a sa ran aukuwarsa. Na uku, "in" ɗinmu na ɗaukar ma'ana biyu, amma Turanci ya raba su. "When" na abin da ake da tabbacin zuwansa ne, "if" kuwa na wataƙila.

Saboda haka in mai saye ya fara da "if", tsaya ka ji abin da ya rataya biyan a kai. In bai yi maka ba, ka ce: "No if. You will pay on Friday." A rubuta, shaidu su sa hannu, a karɓi kafin alƙalami.

Aikin gida: a juya waɗannan zuwa Turanci. In ka ƙara sidi 500, zan sallama. In likitan dabbobi bai sa hannu ba, ba za mu tashi ba.

Amsa sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.