Lantarki mai gano ɓarnar ɓoye

In magini zai yi tubali, yakan kwaɓa laka da ciyawa. Laka kaɗai tana tsagewa. Ciyawa kaɗai ba ta ɗaukar nauyi. In an haɗa su, sai su yi ƙarfi. Irin wannan shi ake kira haɗaɗɗen abu.

Masu ƙera jiragen sama su ma suna da nasu haɗin. Suna jera zaren karbon, wanda ya fi gashin kai siriri, su jiƙa shi da danƙo, su shimfiɗa hawa-hawa, su gasa. Ga ƙarfi, ga rashin nauyi. Jirgin Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a shekarar 2011, rabin nauyinsa haɗaɗɗen abu ne.

Amma akwai matsala. In dutse ko ƙanƙara ta bugi fiffike, zaren yana iya tsinkewa a ciki, waje kuwa sumul. Ido ba ya gani, ga kuma rayukan mutane cikin jirgin. Yawanci da na'urar sauti ake duba shi, sai ya sauka. Shi ya sa masana suke gwada wata hanya.

Zaren karbon yana barin lantarki ya bi ta cikinsa, danƙo kuwa yana hana shi. Sai a maƙala wayoyi a jikin abin, a saki ɗan lantarki, a auna turjiyarsa, wato wahalar da lantarki yake sha wajen wucewa. In zare ya tsinke, hanyoyi sun ragu, turjiya ta ƙaru. In wayoyin suna da yawa, har wurin ɓarnar ana iya ganewa.

Mu gwada

Bakin fensir ma karbon ne. Mu zana layi mai kauri a takarda, mu yi ta maimaitawa har ya yi baƙi ƙirin. Mu aro ma'aunin lantarki wurin mai gyaran rediyo. Mu ɗora bakunansa 2 a ƙarshen layin, mu rubuta lambar. Mu goge rabin kaurin layin a tsakiya, mu sake aunawa. Lambar ta hau.

Tambayoyi

1. Mene ne haɗaɗɗen abu? Ku kawo misali daga gidanku.
2. Don me ido ba ya ganin ɓarnar fiffike?
3. Me ya sa lambar ta hau bayan mun goge layin?