Yadda Ake Tono Kaɗe-kaɗen Basun da Fiyano da Aka Manta

Basun wata doguwar abar busa ce ta Turawa, mai kaurin murya, wadda ake busawa ta wani ɗan kara mai harshe biyu irin na algaita. Kuma ko da yake mawallafan kiɗa sun daɗe suna rubuta mata abin da za ta busa tare da fiyano a ƙaramin zaure, galibin masu sauraro ba su san kome daga wannan taska ba face sonata biyu, ta Camille Saint-Saëns wadda ya rubuta a 1921, shekarar rasuwarsa, da ta Paul Hindemith ta 1938.

Wanda ya ƙudura niyyar tono sauran, to ya fara da Makarantar Kiɗa ta Paris, wadda aka kafa a 1795, domin al'adarta ce ta sa mawallafi ya rubuta sabon kiɗa saboda jarrabawar ɗalibanta, har ayyuka masu ɗimbin yawa suka taru. Daga cikinsu akwai Solo de concert na Gabriel Pierné na 1898, da Sarabande et Cortège na Henri Dutilleux na 1942. Daga nan sai ya haura Ingila ya nemi sonatar William Hurlstone ta 1904, saurayin da ajali ya riska a 1906 yana ɗan shekara 30, wadda a ganina ta cancanci daraja fiye da wadda aka ba ta. Da yawa daga tsofaffin bugu suna nan kyauta a taskar IMSLP ta intanet.

Idan takardar kiɗan ta zo hannu, kada ya yi gaggawar busawa, sai ya yi muƙabala tukuna, kamar yadda malamanmu ke gwada kofen littafi da wani kofen kafin su karantar da shi. Ya aza takardar mai busa kusa da ta mai fiyano, wadda ke ɗauke da layin basun a samanta, ya bi su gaɓa gaɓa, saboda tsofaffin maɗaba'u sukan yi tuntuɓe, musamman a inda rubutun ke sauya mabuɗi yayin da murya ta hau sama. Duk gyaran da ya yi, ya rubuta hujjarsa a gefe da fensir, don kada ra'ayinsa ya cakuɗe da nassin mawallafi.

Wajibi ne kuma ya san irin basun ɗin da aka yi wa kiɗan, gama ta Faransa, ƙirar Buffet, ta fi siririyar murya da sauƙin hawa sama, alhali ta Jamus, ƙirar Heckel, ita ce ta mamaye duniya a yau.

Bayan haka sai ya zauna da mai fiyano su maimaita kiɗan da haƙuri, suna lura kada fiyano ya danne basun a tsakiyar muryarta, sa'an nan su yanke hukunci bisa adalci, domin ba kowane abin da aka manta ne aka zalunta ba. Kiɗan da ya tsallake wannan tantancewa, a saka shi tsakanin sanannun ayyuka ranar wasa, a gaya wa jama'a tarihinsa a taƙaice, a kuma ɗauki sautinsa a ajiye don masu busa na gaba su samu abin dogaro.