Yadda Ake Nutso da Tukunyar Iska daga Gaɓar Teku a Dahab

Dahab gari ne a gabashin yankin Sinai na ƙasar Masar, a bakin mashigin Aƙaba, wanda reshe ne na Bahar Maliya. A da ƙauyen masunta ne na Larabawan Badawi, amma yau masu nutso daga ko'ina a duniya suna tururuwa can. Dalili kuwa shi ne murjanin wurin yana dab da gaɓa, ba sai an hau jirgi ba. Mutum ya ɗaura kayansa a kan tudu, ya taka da ƙafa, ya shiga. Tun 1943, da Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke ba mutum iska daga tukunya daidai shaƙarsa, nutso ya zama abin da kowane mai lafiya zai iya koya. Aiki ne na natsuwa da bin ƙa'ida, kuma ga yadda ake yinsa.

Mataki na 1: Koyo da shaidar lafiya

Ba a shiga ruwa da tukunya sai da horo. Kwas ɗin farko yakan ɗauki kwana 3 zuwa 4, ƙarƙashin ƙungiyoyin horarwa irin su PADI da SSI, kuma takardar shaidarsa tana ba ka damar sauka har mita 18. Da ƙarin horo a kai mita 30, iyakar nutson nishaɗi gaba ɗaya kuwa mita 40 ce. Mai asma, ciwon zuciya ko farfaɗiya sai ya ga likita tukuna. Mai mura ya haƙura har ta sake shi, domin toshewar hanci tana hana kunne daidaita da matsin ruwa.

Mataki na 2: Duba teku da tsara tafiya

Kafin ka taɓa kaya, tsaya a gaɓa ka dubi ruwan. Dahab garin iska ne, mafi yawa daga arewa take kaɗawa, kuma idan ta yi ƙarfi igiyar ruwa tana dukan dutsen murjani a daidai mashiga. Sabon shiga ya fara da wurin da ake kira Lighthouse a cikin gari, inda yashi ke gangarawa a hankali. Kai da abokin nutsonka da jagora ku tsayar da magana: zurfin da ba za ku wuce ba, tsawon lokaci, inda za ku juya, da abin da za ku yi in kun rabu. Ƙa'idar rabuwa ita ce ka nemi abokinka na minti 1, in ba ka gan shi ba ka hau sama a hankali ku haɗu can. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka ce ka fasa. Babu abin kunya a ciki, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na 3: Haɗa kaya

Tukunyar da aka fi amfani da ita tana da girman lita 12, ana cika ta da iskar da muke shaƙa, a matse har bar 200 a ma'aunin matsi. Ka ɗaure ta a bayan rigar iska, wato rigar da ake hura wa iska don a taso, a sace ta don a nutse. Ka ɗaura na'urar shaƙa a bakin tukunya, ka buɗe a hankali, ka ja numfashi uku ko huɗu kana kallon agogon matsi. In allurar ta yi rawa, tukunyar ba ta buɗe sosai ba. Sai rigar roba mai riƙe ɗumi, domin ruwan Dahab yakan sauka zuwa digiri 21 ko 22 a lokacin sanyi. Sai ɗamarar dalma. Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a kowace lita maimakon 35, don haka tana tallabe mutum sosai, kuma za ka buƙaci dalma fiye da a wani wuri. A ƙarshe abokinka ya duba kayanka ɗaya bayan ɗaya, kai ma ka duba nasa.

Mataki na 4: Shiga daga gaɓa

Nan ne aka fi zamewa. Kayan da ke jikinka sun haura kilo 20, duwatsun bakin ruwa kuma suna da santsi. Ka sa takalmin roba mai kauri, ka riƙe takalman iyo a hannu, ka hura wa rigarka iska. Ku bi mashigar da aka ware kawai, kuna duban inda kuke takawa, saboda bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi da kifin dutse mai mugun dafi da ke lafewa a ƙasa. Idan ruwa ya kai ƙirji, ka dafa kafaɗar abokinka ka sa takalman iyo, shi ma ya dafa taka.

Mataki na 5: Sauka

Na'ura a baki, ku yi wa juna alamar lafiya lau, wato haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe. Ɗaga babban yatsa sama a nan yana nufin "mu hau", kada ka ruɗa su. Ka sace iskar riga, ka fitar da numfashi, za ka ji kana sauka. Kowane mita 10 yana ƙara matsi daidai da na iskar duniya baki ɗaya, kuma kunne ne ke fara ji. Tun daga mita na farko ka toshe hanci da yatsu ka hura a hankali har ka ji kunnen ya buɗe, ka riƙa maimaitawa. In ya yi zafi, ka ɗan hau kaɗan ka sake gwadawa. Tilasta shi yana iya fasa dodon kunne.

Mataki na 6: Tafiya a ƙasa

Doka mafi girma ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Iskar da ka shaƙa a mita 10 tana ninka girmanta biyu kafin ka iso sama, in ka riƙe ta kana hawa sai ta yaga huhu. Ka shaƙa a hankali, ka fitar a hankali, ka daidaita rigarka har ka tsaya cak a tsakiyar ruwa.

Daga nan sai kallon ikon Allah. Bahar Maliya tana da nau'in kifi sama da 1,000. Dubban ƙananan kifaye masu ruwan goro suna shawagi a saman murjani, da zarar babban kifi ya gifta sai su faɗa cikin ramuka gaba ɗaya, su sake fitowa. Matsa kusa da wata halitta mai laushi mai yatsu da yawa da ke manne a dutse, za ka ga kifi biyu masu ratsin fari biyu suna kai da kawo cikin yatsun nata masu harbi, ba ta yi musu komai. Babbar ita ce macen, kuma in ka matso da yawa za ta taso maka har gaban tabarau tana kare gidanta, alhali ba ta kai tafin hannu ba. A wurin da ake kira Eel Garden, siraran kifaye masu tsawo suna tsaye rabin jikinsu cikin yashi, kana matsowa suna shigewa.

Hannunka ya zauna a jikinka. Murjani dabba ce mai rai, wasu nau'o'in santimita ɗaya ko biyu kacal suke ƙarawa a shekara, shurin ƙafa ɗaya kuma yana karya na shekaru. Ɗibar murjani laifi ne a Masar. Murjanin wuta yana ƙona fata, kifin zaki kuma yana da dafi a ƙayoyinsa. Wanda ya soka, a tsoma wurin cikin ruwan zafi daidai yadda zai iya jurewa, a garzaya da shi asibiti.

Ka riƙa duba agogon matsi. In ya kai 100 ku juya, ku fito da aƙalla 50. A wani rami mai suna Blue Hole da ke arewa da gari, wanda zurfinsa ya kai kimanin mita 100, akwai wata ƙofa a wajen mita 55 da ta ci rayukan masu nutso da dama. Mai nutson nishaɗi ya tsaya a gefen sama, kyawun ma can yake.

Mataki na 7: Hawa da kiyaye jiragen ruwa

A ƙasa jini yana shan iskar naitirojin. Hawa da gaggawa yana sa ta yi kumfa a jiki, kamar kwalbar lemo da aka buɗe farat ɗaya, abin da ke jawo ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki, har mutuwa. Ka bi kwamfutar nutso da ake ɗaurawa a hannu, ka hau kimanin mita 9 zuwa 10 a minti, ka tsaya minti 3 a mita 5.

Ko daga gaɓa ka shiga, kwalekwale mai inji yana iya bi ta kanka, matuƙinsa kuwa ba ya ganinka. Sauti yana gudu a ruwa ninki huɗu na gudunsa a iska, shi ya sa za ka ji ƙarar inji amma ka kasa gane ta ina take zuwa. Tun kana mita 5 ka hura dogon balan-balan mai ruwan lemo ka sake shi da zare ya tsaya a sama. In ka ji inji, ka dakata har ya wuce. Ka hau kana kallon sama, hannu ɗaya a miƙe, kusa da murjani ko gaɓa. Matuƙa su ma su san tutar masu nutso, ja mai ratsin fari a karkace ko kuma fari da shuɗi, su rage gudu su kauce. Ba a kusantar bayan jirgi sai farfela ta tsaya.

Mataki na 8: Bayan fitowa

Ka wanke kaya da ruwan daɗi, ka sha ruwa da yawa, ka huta. Kada ka hau jirgin sama sai bayan awa 12 idan nutso ɗaya ka yi, ko awa 18 idan ka yi da yawa. Hawan Dutsen Sinai ma ya jira, domin tsawonsa ya haura mita 2,000 kuma matsin iska yana raguwa a can. In ka ji kasala mai tsanani, jiri ko mutuwar wata gaɓa, ka faɗa nan take a ba ka iskar oksijin, a kai ka ɗakin matsi na jinyar masu nutso, akwai shi a Dahab da Sharm el-Sheikh. Ɓoye alama don jin nauyi shi ke mayar da ƙaramin ciwo babba, don haka ka yi magana da wuri, ka kuma tambayi abokinka yadda yake ji.