DARASIN KIWO: FITILAR ƊUMI GA ƘANANAN BISASHE DA MARASA LAFIYA

Ɗari ya shigo. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busawa dare da rana. A ƙasar Maradi, Damagaram da Tawa, da asuba ma'aunin zafi yana sauka har digiri 13, wani lokaci ƙasa da haka. Babbar akuya tana jure wannan sanyi. Ɗan akuyan da aka haifa cikin dare, jikinsa jiƙe, ba ya jurewa. Ɗan tsako ma haka.

Sabili da haka masu kiwo da yawa suna kunna fitila ko su kai garwashi cikin garke da akurki. Dabara ce mai kyau, tana ceton rai. Amma wutar da ke ceton ɗan akuya ita ce ke cinye garke, ta kama zana, ta kama rumbu. Wannan darasi yana bayani a kan yadda za a ba ƙaramar bisa ɗumi ba tare da an jawo gobara ba.

ME YA SA SANYI KE KASHE SU?

Zafin jikin ɗan akuya ko ɗan tunkiya mai lafiya digiri 39 ne zuwa 40. In ya sauka ƙasa da 39, sanyi ya soma kama shi. In ya sauka ƙasa da 37, yana bakin mutuwa. Jar akuya ta Maradi tana yawan haihuwar biyu, kuma kowane ɗa bai cika wuce kilo 2 ba. Ƙaramin jiki ba ya riƙe zafi, kamar yadda ruwan ƙaramin kwano ke hucewa kafin na babbar tukunya.

Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai da gashi mai laushi. Sai ya yi sati 4 zuwa 6 gashinsa ke cika. Kafin nan, uwa ce ke rufe shi. Ƴan tsakin da aka saya a gari, ko aka ƙyanƙyashe da inji, ba su da uwa. Fitila ce uwarsu. Ɗiyan zabbi sun fi ƴan tsaki rauni. Su da damina suke fitowa, kuma raɓa da sanyin bayan ruwa suna kashe su da yawa.

ABU UKU KAFIN FITILA

Na ɗaya, bushewa. A bar uwa ta lashe ɗanta. In ba ta yi ba, mai kiwo ya goge shi da busasshen tsumma.

Na biyu, dakashi, wato nonon farko mai kauri. Wajibi ne ɗan ya sha shi cikin awa 2 na farko. Dakashi shi ne itacen da ke hura wutar jiki, kuma shi ke kare ɗan daga cututtuka. Awonsa mililita 50 ne ga kowane kilo na nauyin ɗan, a sha ɗaya.

Na uku, kariya daga iska. A tare gefen gabas da arewa na garke. A shimfiɗa busasshen abu a ƙasa.

Ɗan akuyan da ya bushe, ya ƙoshi, yana kwance jikin uwarsa, ba ya bukatar fitila. Fitila ta maraya ce, da raunanne, da wanda uwa ta ƙi, da ƴan tsaki marasa uwa.

WACE IRIN FITILA?

A garuruwan da ke da lantarki ana sayar da ƙwan fitila na musamman, wato ampul mai ba da zafi. Yawanci ja ne, ƙarfinsa wat 150 zuwa 250. Jan haske ya fi fari, don yana barin ƴan tsaki su yi barci, kuma ba su cika saran juna ba. Ƙwai ɗaya mai wat 250 ya ishi ƴan tsaki kamar 50.

Wannan ƙwai yana zafi ƙwarai. Ruwa yana tafasa a digiri 100, shi kuwa gilashinsa yana wuce digiri 200. In ya taɓa kara, ƙaiƙayi ko tsumma, wuta tana iya tashi cikin ɗan lokaci.

Ƙwan LED da ke cikin gidaje yau haske yake badawa, ba ya ɗumama komi. Akwai kuma wani ƙwai da aka shafe da Teflon don kada ya farfashe. Kada a sa shi wurin kaji: in ya yi zafi yana fitar da guba mai kashe tsuntsaye.

Mai farantin hasken rana ya yi lissafi tukuna. Ƙwai mai wat 250 da ya kwana awa 12 yana cin kilowat-awa 3. Ƙaramin batir na gida, wanda ke kunna fitila da cajin waya, ba ya ɗaukar wannan nauyi.

DOKOKI 7 NA RATAYE FITILA

1. A rataye ta da sarƙa ko ƙaƙƙarfar wayar ƙarfe, a jikin azara. Kada a rataye ta da wayar lantarkinta, ko da igiyar roba. A ƙara ɗauri na biyu, domin in ɗaya ya kwance ɗaya ya riƙe.

2. Mazaunin ƙwan, inda ake murɗa shi, ya zama na tangaran. Na roba yana narkewa.

3. A sa ragar ƙarfe a bakin fitila. In ta faɗi, ƙwan ba zai taɓa ƙasa ba.

4. Ga ƴan tsaki, tsakanin ƙwan da shimfiɗa ya kai santimita 50, wato kamu ɗaya da ɗan ƙari. Ga ɗan akuya ko ɗan tunkiya, ya kai mita ɗaya, inda uwa ba za ta kai da ƙaho ba.

5. Tsakanin fitila da zana, rufin ciyawa, harawa ko buhu, a bar mita ɗaya.

6. Wayar lantarki ta bi ta sama, inda akuya ba za ta tauna ba. Kada a yi aiki da waya mai faci ko siririya. In waya ta yi zafi a hannu, a kashe wuta nan take.

7. Kwanon ruwa ya yi nisa da fitila. Ɗigon ruwa a kan ƙwai mai zafi yana fasa shi. Kowane sati a kashe fitila, a bari ta huce, a goge ƙura da gashin kaji.

Bayan an rataye, mai kiwo ya ajiye bayan hannunsa ƙarƙashin fitila, daidai tsawon bayan bisar, har minti ɗaya. In hannun ya ji ɗumi mai daɗi, ya yi. In ya ji ƙuna, a ƙara ɗaga fitila.

WURIN ƳAN TSAKI

A yi da'ira da kwali mai tsawon santimita 40. Da'ira ta fi wuri mai kusurwa, don ƴan tsaki suna taruwa a kusurwa su danne juna. A shimfiɗa busasshen ɓawon gujiya ko na shinkafa, marar funfuna. A kunna fitila awa kaɗan kafin ƴan tsaki su iso. Wurin ya zama da faɗi, yadda mai jin zafi zai samu inda zai matsa.

Ga zafin da ake so daidai bayan ɗan tsako:

Sati na 1: digiri 32 zuwa 35
Sati na 2: digiri 29 zuwa 32
Sati na 3: digiri 26 zuwa 29
Sati na 4: digiri 23 zuwa 26

Wato kowane sati ana rage digiri 3. Ana rage zafi da ɗaga fitila sama kaɗan. Da bazara, ko da tsakar rana mai zafi, a kashe ta.

Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya dubi ƴan tsakin, su za su gaya masa:

In sun dunƙule ƙarƙashin fitila suna kuka da ƙarfi, sanyi suke ji.
In sun gudu gefe, baki buɗe, fuka-fuki a saki, zafi ya yi yawa.
In sun taru a gefe ɗaya, iska ke shigowa ta wani wuri.
In sun bazu ko'ina, wasu na ci, wasu na barci, komi daidai yake.

ƊAN AKUYAN DA SANYI YA KAMA

Alamunsa: yana tsaye a takure, ko yana kwance ba ya neman nono. Mai kiwo ya sa yatsa mai tsabta cikin bakinsa. In bakin da ɗumi kuma yana tsotsa, da sauƙi. In bakin da sanyi, a yi hanzari.

In yana iya ɗaga kai yana haɗiya, a goge shi, a ba shi nonon uwarsa mai ɗumi, sannan a kai shi wurin fitila. In ba ya iya ɗaga kai, kada a ɗura masa komi, don nonon zai shiga huhu ya shaƙe shi. In sabon haihuwa ne, wanda bai kai awa 5 ba, a ɗumama shi a hankali, in ya farfaɗo a ba shi dakashi. In ya wuce awa 5, ƙarfin da ya zo da shi daga ciki ya ƙare, kuma zafi kaɗai yana iya sa shi fizge-fizge ya mutu. Irin wannan a naɗe shi cikin zane, a nemi likitan bisashe ya yi masa allurar ruwan sukari kafin a sa shi ƙarƙashin fitila.

Da zarar ya miƙe yana tsotsa, a maida shi wurin uwarsa. Jikin uwa ya fi kowace fitila.

BISA MARAR LAFIYA

Ba kowace marar lafiya ke son zafi ba. Mai zazzaɓi, wadda jikinta ya wuce digiri 40 da rabi, inuwa da ruwa take so. Wadda zawo ya tsotse, kunnuwa da ƙafafu suka yi sanyi, ita ɗumi yana taimakonta. Amma fitila tana ƙara ƙishirwa, don haka ruwan sha ya zama kusa.

Babban haɗari shi ne bisar da ba ta iya tashi. Mai lafiya in ta ji ƙuna sai ta matsa. Wadda ke kwance sai dai fatarta ta ƙone. Don haka a ƙara ɗaga fitila, a riƙa juya bisar, a duba ta kowace rabin awa. Kada a tafi barci a bar ta ita kaɗai da wuta.

Fitila ba magani ba ce. Annobar da ke share kaji lokacin ɗari, wadda likitoci ke kira Niyukasal, da annobar awaki da tumaki, allurar rigakafi ce ke tare su. A ware marar lafiya daga sauran, a sanar da ma'aikacin kiwo na kusa.

INDA BABU LANTARKI

Kwalbar ruwan zafi: a cika kwalba da ruwa mai ɗumi sosai, a toshe, a naɗe da tsumma, a ajiye jikin ɗan akuya. In ta huce a sake. Wannan dabara ba ta da wuta, ba ta da hayaƙi. Ita ta fi ga bisa ɗaya ko biyu.

Fitilar ƙwai mai kananzir: a kafa ta kan bulo, a kewaye da ragar ƙarfe yadda ba za a ture ta ba. Kada a ƙara mai tana ci. A fita da ita waje, a kashe, a bari ta huce. Kada a taɓa zuba mata man babur ko na mota.

Tukunyar garwashi: a hura gawayi a waje har hayaƙi ya ƙare, a zuba garwashin cikin tukunyar ƙasa, a rufe da kasko mai ƴan huji. A kafa ta kan yashi, a share shimfiɗa daga gindinta, a kewaye ta da raga. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, marar wari, marar launi. Tana kashe kaji, tana kashe mutum. Don haka tilas a bar taga buɗe daga sama, kuma kada kowa ya kwana cikin rufaffen ɗaki da garwashi.

IN WUTA TA TASHI

Kullum a ajiye bokitin yashi da tulun ruwa a bakin garke. In wutar lantarki ce, a fara yanke lantarkin. Zuba ruwa kan waya mai wuta yana kashe mutum. In kananzir ne, yashi ake zubawa, don ruwa yana baza shi. A fitar da yara da farko, a buɗe wa bisashe ƙofa, a yi kururuwa maƙwabta su zo. Wurin ɗumin ya zama nesa da rumbu da tarin kara tun farko. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A MAKARANTA

1. Waɗanne abubuwa uku ake yi kafin a kunna fitila?
2. Ƴan tsaki sun gudu gefe, baki buɗe. Me mai kiwo zai yi?
3. Me ya sa ba a ɗura wa ɗan akuyan da ba ya ɗaga kai nono?
4. A garin nan, ina ya dace a yi wurin ɗumi, nesa da rumbuna?

LISSAFI

1. Ɗan akuya yana da kilo 2. Ana ba shi mililita 50 na dakashi ga kowane kilo, sau 4 a ranar farko. Mililita nawa ya sha?
2. Fitila tana cin kilowat-awa 3 kowane dare. Kilowat-awa nawa za ta ci cikin sati 4?
3. Wata mata ta sayi ƴan tsaki 150. Ƙwai ɗaya ya ishi 50. Fitila nawa take bukata?

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa maƙwabcinsa, tun awaki ba su soma haihuwa ba.